Igiya da Zane Biyu

Ludayi ne ya fara. Ina da wani ludayin duma da nake ratayewa a jikin ginshiƙin rumfa. Ranar nan bayan la'asar ina tankaɗe sai na ji yana bugun itacen, ƙwas, ƙwas, kamar yaron da aka aika yana ƙwanƙwasa ƙofa amma yana tsoron a buɗe. Na ɗaga kai. A tsakar gida babu iska, ko garin gero bai tashi daga faifai ba, ludayin kuwa sai lilo yake yi. Kaji sun shige ƙarƙashin rumbu tun da sauran rana. Gabas ta yi ja, ba baƙin hadarin da muka saba gani a farkon damina ba. Na kora yara ɗakin soro, na bi su da rariya a hannu ina salati.

Mu a cikin Dungas gefen guguwar kawai muka samu. Ta yaye mana tol, kwanon rufin ɗaki ɗaya, ta kai shi gonar da ba mu san mai ita ba. Ƙauyuka da rugagen da ke wajen hanyar Waca su ne ta bi ta kansu. Kun san yadda muke ɗora duwatsu da tubala a kan tol don kada iska ta ɗage shi. A iska ta kullum wannan dabara ce mai kyau. A waccan guguwar tol ya tashi, duwatsun suka rufto ciki, a kan mutanen da suka gudu ɗaki neman tsari. Waɗanda ke waje kuma tol ɗin da ke yawo a sama ya same su, yana yanka kamar lauje.

Saboda ku nake rubuta wannan, ƴaƴana masu jile, rigar ƴan agaji, da kuke zuwa koyon aikin agaji a gidan likita. Kwanakin baya na ji ɗaya daga cikinku tana ce wa ƴar'uwarta, “Ni dai a ba ni ɗaurin ciwo. Jinya ai zama ce, kowace tsohuwa ta iya.” Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka kafin shekarar guguwa. A gidajen likitanmu ma'aikaci zai ɗinke mutum, ya yi masa allura, ya rataya masa ƙarin ruwa, ya wuce ga na gaba, domin na gaba suna da yawa. Sauran abin duka na mai jinya ne: wanka, ci da sha, juya mutum, ɗaukar fo, korar ƙuda, kallon ruwan da ke ɗiga don a kira ma'aikaci kafin ya ƙare. Wanda ya zo da uwa ko mata ko ƙanwa, ya samu. Aikina tun daga shekarar nan shi ne zama da wanda ya zo ba kowa.

Kashegarin guguwar mai shela ya bi unguwanni yana cewa gidan likita ya cika, an buɗe lakwal an kwantar da mutane a azuzuwa, duk macen da ke da ruwan zafi ko kunu ko tsohon zane ta kai. Na dama kunu cikin bokiti, na ce wa maigida yanzu zan ajiye in dawo. An ture teburan yara jikin bango, an shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin tablo, darasin jiya na nan a rubuce ba a goge ba. Ina ajiye bokitin wata tsohuwa doguwa mai zane uku-uku a kumatu ta kama hannuna ta ɗora a kan goshin wata mata.

“Riƙe nan. Kada ki bari ta ɗaga.”

Na riƙe har aka gama ɗinke fatar kanta. Tsohuwar nan ita ce Ya Falmata, Babarbariya, wadda ta yi doguwar jinyar mijinta a Magariya, da ya rasu kuma ta ci gaba da yi wa na wasu. Ba ta cikin ma'aikata, ba mai biyanta. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Kin yi lakwal?”

“Na yi, har kwaleji.”

“To madalla, za ki riƙa karanta mini rubutun kwalabe, idona ya mutu. Amma yanzu ɗauko fo.”

A wurinta na koyi kayan aiki, kuma har yau ba su canja ba. Buta. Fo mai murfi. Sabulu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Mafici, don wanda ke kwance da buɗaɗɗen ciwo a damina ƙuda ne abokin gabansa na farko. Ƙaramin ludayi, ba cokalin ƙarfe ba, saboda mai zazzaɓi yana cije ƙarfe ya fasa leɓe, kuma ludayi yana shiga ta gefen baki ko mutum na kwance. Tsofaffin zannuwa waɗanda wanki ya lausasa, domin sabon zane yana kartar fatar da ta daɗe a tabarma. Da zane ake juya mai karaya: a cusa shi ƙarƙashinsa a naɗe, mutum biyu su kama gefe, a mirgina shi gaba ɗaya kamar itace, ba a jan hannu, ba a jan ƙafa. Sannan igiya da zane biyu. Waɗannan Ya Falmata ba ta taɓa ba da aronsu ba. Duk inda ta shiga, kafin ta gaida majinyaci, sai ta nemi ƙusa ko ƙarfen taga ta ɗaura igiyarta. In za a yi wa mutum wanka ko zai kama ruwa, sai a rataya zannuwan, ya zama yana da ɗakinsa a tsakiyar jama'a.

Na ga amfaninsu tun a ranar farko. A ajin maza akwai wani dattijo manomi da katanga ta karya wa haƙarƙari. Tun da aka kawo shi bai yi fitsari ba, mararsa ta kumbura, ma'aikata har sun fara shirin sa masa roba. Ya Falmata ta rataya zane, ta tura fo ta ƙarƙashi, ta ce mini mu je bakin ƙofa mu yi hira da ƙarfi. Muka tsaya muna gardama a kan tsadar kanwa. Da muka dawo fo ya cika. Abin da ya roƙa bayan nan shi ne ƙasa mai tsabta a faifai don taimama, da a juya masa tabarma ta fuskanci alƙibla. Daga ranar nan ban sake zuwa aiki ba tare da ƙullin rairayi a jakata ba.

Shekarar ta yi muni fiye da ranar guguwar kanta. Rumbuna sun tashi da irin shuka a ciki, wanda ya rage kuma ruwa ya jiƙa shi ya tsiro a ƙasa. Dabbobi sun faɗa rijiyoyi sun ruɓe, bayan masu karaya sai ga masu gudawa. Wasu da tol ya yanka suka shafa toka ko man mota suka zauna gida, sai daga baya aka kawo su haƙora a datse, jiki ya sandare, ko ƙarar rufe ƙofa na sa su zabura. Irin waɗannan ɗaki mai duhu ake sa su, a yi tafiya ba takalmi. Kaɗan ne suka tashi. Na wanke mata da yawa a bayan zannuwan nan wankan ƙarshe, Allah Ya jiƙansu.

A cikin ajin mata akwai wasu biyu da aka kawo a amalanke ɗaya daga wata ruga, bayan an kwana ana haƙo mutane. Ɗaya yarinya ce da ba ta daɗe da fara famfara ba, tol ya sare ta ƙasan gwiwa har ƙashi. Sunanta Habsatu. Ɗayar matashiyar mace ce mai suna Hajjo, reshen gawo ya danne ta a ƙugu, jaririn da ke bayanta kuma bai rayu ba. Ƴan agajin da suka karɓe su sun yi tambayar da ake yi wa kowa.

“Ina mamarki?” suka ce wa yarinyar.

“Inna tana ƙarƙashin ɗaki.”

Gaskiya ta faɗa, an fito da tsohuwar ba rai. Babanta kuwa yana kudu da shanu, ya tsallaka iyaka tun rani, ba a samun sa a salula.

“Akwai naki a nan?”

Ta nuna Hajjo da haɓa. “Adda.”

Suka je wurin Hajjo suka tambaye ta yaranta nawa.

“Ɗaya ne. An rufe shi jiya.”

“Waccan fa?”

Ta juya fuska wajen bango. “Ta gidanmu ce.”

Sai kowa ya ɗauka ya da ƙanwa ne, uwarsu ta rasu. Aka shimfiɗa wa Hajjo kusa da tablo, yarinyar kuma can wajen taga, tabarmi da yawa a tsakani. A cikinsu har da ta wata gwaggon mijin Hajjo da ta karye a hannu, mace mai ido a kan komai.

Hajjo ba ta taɓa kallon wajen taga ba. In ana wanke ciwon yarinyar tana ihu, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Matan Dungas da ke kawo abinci har suna gunaguni, wai wace irin ya ce wannan da ba ta ko cewa sannu. Kunu kuma ba ta sha. Ya Falmata ta fito mata da wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

“Baiwata, buɗe baki. Ko sai na aika a tatso miki saniyar ubanki?”

“Kunun Barebari,” in ji Hajjo da ƙyar, “rabinsa kanwa.”

“Kanwar ce ta raya shanunku, marasa godiya. Sha.”

Ta yi murmushi amma ba ta sha ba. Sai ta ce, “An ba yaran mutane?” Na ce yanzu zan ba su. Na je wajen taga na ba Habsatu, ludayi yana kartar gindin kwano. Da na dawo Hajjo ta buɗe baki ba gardama. Haka aka yi da safe, haka aka yi da yamma. Mai jinya tana kallon kwano kamar yadda ma'aikaci ke kallon ma'aunin zafi, saboda haka na lura, amma ban gane ba tukuna.

Wata safiya na rataya zane ina goge mata jiki. Cikinta ya taurare kamar ganga, abin da ke cikin fo kuma ja ne. Ta kama bakin hijabina ta jawo ni ƙasa.

“Ƙafar nan, za ta taka?”

“Ƙafar wa?”

Sai da na matse tsumma na sake jiƙawa ta ce:

“Ta waccan.”

Na faɗa wa Ya Falmata. Ta ɗauki mafici ta je ta zauna kusa da yarinyar tana yi mata fifita.

“Ke ƴar baiwata, Inna ce ta haife ku, ke da Adda?”

“Inna ta haifi Adda.”

“Ke fa?”

Yarinyar ta duƙar da kai tana tsinkar zaren tabarma. “Ba a faɗa.”

Dukanmu mun san wannan al'ada. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan babban yayanmu ba, sai dai ta ce “wancan na bakin kasuwa”. A rugage abin ya fi tsanani. Mace takan haifi ɗan fari a gidan iyayenta, in an yaye shi ta bar wa uwarta, ba ta kiran sunansa, ba ta ƙirga shi, ba ta yi masa magana a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Yaron ya tashi yana ce wa kaka Inna, uwa kuma Adda. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Sai dai a ajin da ke cike da jini da kuka ba wanda hankalinsa ya kai can. An yi tambaya a sarari, an sami amsar da ake bayarwa a sarari.

A safiyar nan ne Majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya kira mu bakin ƙofa. Idonsa ya yi ja don rashin barci. Ya ce an cike inda ruwa ya yanke hanya, ambilas za ta zo daga Magariya bayan azahar, kuma wurin mutum kaɗan ne a ciki. Yarinyar dole ta tafi, gefen ciwon ya fara baƙi, in ta ƙara kwana sai dai a yanke.

“Hajjo fa?” na ce.

Ya rage murya. “Jini na zuba a ciki, Madam. Ba za ta wuce kwazazzabon farko ba. Ko a nan ma ban ga ta kai gobe ba.”

Muka gaya masa abin da muka gano. Ya dafe kai ya ce, “Ni ma ɗan fari ne.” Wata ƴar agaji mai zuciyar kirki da ke tsaye ta ce to me ake jira, a ɗauki yarinyar a kai wa Hajjo, a ce ga ƴarki ku yi bankwana.

“A gaban gwaggon mijinta?” in ji Ya Falmata. “Za ta juya fuska wajen bango, ta mutu a juye, yarinyar kuma abin da za ta tafi da shi ke nan. Je ki ɗebo mini ruwa, ƴata. Da yawa.”

Ta shiga aji tana tafa hannu, ta ce Majo ya yi faɗa, ɗakin nan wari yake, yau sai an wanke ƙasa da jabel. Duk mai iya tafiya ta koma inuwar dogon yaro. Gwaggon mijin ta ce ita hannunta na ciwo.

“Da hannu kike tafiya, uwar bayi? Tashi.”

Waɗanda ba sa iya tashi muka ja tabarminsu gefe guda muka juya su wajen ƙofa, wai don kada warin jabel ya shaƙe su. Na ɗaura igiya daga ƙusar tablo zuwa ƙarfen taga, muka rataya zannuwan biyu suka kewaye Hajjo. Sannan muka ɗauko Habsatu a kan tabarmarta, ni a kai Ya Falmata a ƙafa, muka shigar da ita ciki muka ajiye ta jikin Hajjo.

“Baiwata, ga ajiyar ƴar mutane, wurinta zan wanke. Kada ki cinye mini ita.”

Hajjo ba ta juyo ba. Ya Falmata ta zaro tsinken kitso daga kanta da ɗan gwangwanin man shanu, ta ajiye a bakin tabarma kamar ta manta da su, muka fito muka ja zane.

Ban taɓa wanke ƙasa irin na ranar nan ba. Muka kwarara ruwa, muka sa tsintsiyar kwakwa a siminti, muna jan bokiti yana ƙara, Ya Falmata na yi wa ƴar agajin faɗa a kan abin da ba ta yi ba. Inda muka wanke muka sake wankewa. Matan da ke waje suka fara leƙowa suna tambaya ko mun gama, ta ce saura lungu. Duk abin da aka faɗa a bayan zanen ba wanda ya ji, kuma don haka aka yi wankin. Abin da na gani kawai, da na duƙa matse tsumma, shi ne tafin ƙafar yarinyar mai lafiya ta ƙarƙashin zane, yatsun suna motsi a hankali.

Aka kira azahar, muka yi salla bi da bi don kada tsintsiya ta tsaya. Da muka ji ƙahon ambilas Ya Falmata ta yi gyaran murya, ta jira kaɗan, sannan ta ɗage zanen. Hajjo na fuskantar bango kamar yadda muka bar ta, numfashinta sama-sama, yatsunta na ƙyallin mai. Kan yarinyar kuwa gefe ɗaya an kitse shi, ƙananan layuka irin na Fulani, iya inda hannun wanda ke kwance zai kai. Ɗaya gefen na nan a tsefe.

“Ɗauke ƴar mutane,” in ji Hajjo. “Ta dame ni da surutu.”

Ba a karɓar yaro a babban gidan likita ba mai jinya, saboda haka na aika gida aka gaya wa maigida, ya aiko mini da tabarma da izini, na shiga ambilas da butata. Ya Falmata ta tsaya da Hajjo. Kashegari wani ɗan kabu-kabu da ya kawo fasinja Magariya ya neme ni ya ce Hajjo ta cika jiya kafin magariba, da kalmar shahada, kuma Ya Falmata ce ta wanke ta a bayan zannuwan nan. Lokotoro, likitan tiyata, ya yi aiki a ƙafar Habsatu, ya kankare abin da ya mutu, ba a yanke ba. Tana ɗingishi har yau. Babanta ya iso daga baya da sandarsa da ƙurar hanya, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni yaya jikin yarinyar mutane.

Ya Falmata ta rasu shekarun baya. Igiyarta na cikin jakata, zannuwan kuma na canja su sau da yawa. In kun gan ni na shiga ɗakin majinyata ina dube-duben bango kafin in gaida kowa, ƙusa nake nema.

Kafin baban ya zo, wata rana da hantsi zazzaɓin Habsatu ya sauka, na yi mata wanka na zaunar da ita. An riga an gaya mata rasuwar Hajjo, ta yi kukanta ta gaji. Kitson ya fara tsufa, gefen da ke tsefe kuma ya cukurkuɗe, na ce bari in warware in yi mata sabo gaba ɗaya. Ina kai hannu ta dafe gefen da aka kitse da tafinta biyu. Na ce to, na bari, wancan gefen kawai zan taje. Ina tajewa tana kallon ƙafarta da ke naɗe, can sai ta ce:

“Mama, ashe Adda ta san sunana. Har sau biyu ta faɗa.”